Babi na Shida: Gatarin Kurege a Cikin Tukunya

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina a watan Agusta, daga mararrabar Yashe har ya shiga Kankiya, kore zai yi ta gani dama da hagu. Gero ya yi kai, dawa ta kai ƙirji, wake na yaɗo a tsakanin kunyoyi. Daga cikin mota ba a ganin furen daji. Sai an sauka an bi 'yar hanyar ƙafa da ta ratsa gonaki, an kai inda wani manomi ya bar sabara da kalgo a iyakar gonarsa, sannan ido zai iya faɗawa kan wani jan abu da ke reto a cikin ganye. Fure ne mai ganyaye shida, kowanne ya lanƙwashe baya ya miƙe sama, gefensa a murɗe, gindinsa rawaya, bakinsa ja wur. Wannan shi ne gatarin kurege, wasu kuma su ce baurairai. Masana tsirrai na kiransa Gloriosa superba, sunan da Carl Linnaeus ya raɗa masa tun 1753.

A nan yara masu kiwo ke wuce shi da awakinsu ba tare da sun waiwaya ba. A Holan kuwa a ɗakunan gilashi ake rainonsa, a yanka furen a kai kasuwannin Turai. A Zimbabuwe shi ne furen ƙasa, doka ta hana a tsinke shi a daji ba da izini ba, kuma a 1947 yaran makarantun ƙasar, lokacin tana Kudancin Rodeshiya, sun tara kuɗi an ƙera wa Gimbiya Elizabeth abin ado na lu'ulu'u mai siffarsa. Jihar Tamil Nadu ta Indiya ma shi ta ɗauka furenta. Abin da ake wa wannan kallo a duniya bai kamata ya gagari magidanci a Rimaye ko Mawashi ba, tunda a bayan gidansa yake fitowa. Zai zauna a tukunya, ya yi fure shekara da shekaru, amma da sharaɗi: a bar shi ya bi lissafin damina da rani yadda ya saba a daji.

Ajiye tsiron daji a gida ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A gidajen mafarauta da masu magani da rugagen Fulani, har da ɗakunan wasu tsofaffin mata, an daɗe ana ganin fasasshiyar tukunya ko tsohon kwano a bayan ɗaki, da wani tsiro mai kan albasa a ciki. Gadali ke nan, kuma iri-iri ne. Abin da ake nema da shi daban ne da ado, malamai kuma sun sha yin wa'azi a kan camfe-camfen da aka jingina masa. Amma ta fuskar raino, waɗannan mutane sun riga kowa sanin abin da littattafan lambu ke koyarwa yau. Sun san akwai tsiron da ke bushewa ƙurmus da rani ba don ya mutu ba, sun san ba a zubar da tukunyarsa, sun san da ruwan farko zai dawo. Likitan nan ɗan Sikotlan, J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa ya kuma wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, daga bakin irin waɗannan mutane ya tattara abin da ya rubuta.

Duk sirrin gatarin kurege a ƙarƙashin ƙasa yake. Saiwarsa kaurin ɗan yatsa ce ko ta ɗan fi, fara a ciki, da siririn ɓawo ruwan ƙasa, ta rabu hannu biyu da suka haɗu a gwiwa, ɗaya ya kan fi ɗaya tsawo. Daga wannan siffa ta gatari da ƙotarsa sunan ya samo asali. A ƙarshen kowane hannu akwai ido guda ɗaya tak, daga nan toho ke fita. Dankali yana da idanu da yawa, in ɗaya ya lalace wani zai tsira, wannan kuwa in idon ya karye hannun ya tashi aiki. Ga ta da saurin karyewa, ko matsa ta aka yi da ƙarfi sai ta ɓalle.

Saiwar nan rumbu ce. Tsiron yana cika ta da damina, ya rufe, ya zauna a kanta wata bakwai ko takwas, sannan da abin da ke ciki zai yi tohon sabuwar shekara. Da ya tsiro, tsohuwar saiwa sai ta yi ta motsewa har ta ƙare, sabuwa ta kafu a gindin karan. Ashe kowace shekara sabuwar saiwa yake yi, kuma girman furen baɗi ya dogara ne ga abin da ganyen bana ya tara. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin aikin.

A yankin Kankiya da Kusada ruwa kan zauna ne a watan Yuni, ya yi ƙarfi a Agusta, ya ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Wata huɗu ke nan da 'yan kwanaki, a cikinsu tsiron zai fito, ya hau, ya yi fure, ya zuba iri, ya cika saiwa. Saboda haka shiri da bazara ake yinsa, a watan Mayu, lokacin da manoma ke sharar gona da kai taki.

Tukunyar ƙasa ta fi komai dacewa, irin wadda ake samu a kasuwar Kankiya ko ta Caranci. Randar da ta tsage ta daina riƙe ruwa ma ta yi, ba sai an sayi sabuwa ba. Ƙasa tana numfashi, tana fitar da lema ta jikinta, tana sanyaya abin da ke ciki. Baƙin bokitin roba kuwa in ranar Afrilu ta buge shi, lokacin da zafi ke haura maki 40, dafa saiwar zai yi. Zurfin tukunyar ya kai santimita 30 ko sama, domin sabuwar saiwa ƙasa take nutsawa, sau da yawa a can gindin tukunya ake tarar da ita. A huda gindin da ƙusa a hankali, huda uku ko huɗu, a rufe su da tsingaro don kada ƙasa ta toshe su, a ɗora tukunyar kan duwatsu ko bulo. Ɗorawar tana sa ruwa ya tsiyaye, tana kuma rage wa gara hanya.

Ƙasar da za a zuba ita ce inda mutane da yawa ke kuskure, don sun ɗauka baƙar lakar fadama ta fi ƙarfi. Laka tana riƙe ruwa, riƙe ruwa kuma shi ke ruɓar da saiwa. A duba inda tsiron ke zaɓa da kansa: jigawa ce mai laushi a gindin kurmi, wadda ganyen kalgo da geza suka shekara suna zuba a kanta suna ruɓewa. Irin ta za a haɗa. Kashi biyu na ƙasar gindin itace, kashi ɗaya na yashin rafi, kashi ɗaya na takin awaki ko na shanu da ya shekara ya yi baƙi ya daina wari. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma janyo gwazarma. In an damƙi haɗin da ɗan danshi ya dunƙule, aka taɓa shi da yatsa ya warwatse, to ya yi.

A kwance ake binne saiwar, zurfin yatsu uku ko huɗu, idon na kallon tsakiyar tukunya. Kafin a rufe ta a kafa abin da zai hau, ko tsumagiya mai rassa, ko siririn gora, ko kara uku da aka ɗaure kansu. Wanda ya bari sai tsiro ya fito sannan ya soka sanda yana iya tsire saiwar bai sani ba. A yayyafa ruwa kaɗan, a dakata. Har toho ya leƙo danshi kawai ake so.

Yadda yake hawa abin a tsaya a kalla ne. Ba ya naɗe jikinsa a sanda irin na wake. Kowane ganye dogo ne mai sheƙi, ƙarshensa ya sirance ya zama zare, zaren ya lanƙwashe ya kama duk abin da ya taɓa, ko reshe, ko igiya, ko ganyen ɗan'uwansa. Shi ya sa sanda mai kauri ba ta yi masa amfani, sai sirara. In ya kama bai kamata a ɓanɓare shi ba. Kan tsiron kuma, inda sabon ganye ke fitowa, a kiyaye shi daga akuya da kaza da hannun yaro, domin in ya karye da wuya karan ya sake yin gaba a wannan shekarar.

Sai batun ɗaki. Mutanen ƙasashen sanyi suna shigar da irin wannan tsiro cikin gida ne don ƙanƙara za ta kashe shi a waje, kuma tagoginsu manya ne na gilashi. Ɗakin Bahaushe an gina shi ne don ya tare rana, ƙaramar taga, kauri a bango, duhu mai sanyi. A irin wannan ɗaki gatarin kurege zai yi tsawo siriri, ganyensa ya koɗe, ba zai yi fure ba. Wurinsa shi ne baranda, ko bakin rumfa, ko gefen tsakar gida da ke samun hantsi, inuwar bedi ko ta katanga ta rufe shi daga azahar. Haka yake a daji, gindinsa a inuwar kurmi, kansa a cikin haske. In ya yi fure ana iya shigar da tukunyar falo ta kwana biyu don baƙi, a mayar da ita.

Da damina sama ce ke ba shi ruwa, aikin mai shi shi ne lura. In aka yi kwanaki ba ruwa, a tura yatsa cikin ƙasar, in ta bushe har gaɓa biyu a ba shi ya ƙoshi, har ya fito ta gindi. In kuma aka shiga marka a Agusta, a janye tukunyar daga bakin indararo, a tabbata hudojin ba su toshe ba. Ruwan sama da aka tara ya fi na burtsatse, wanda a wasu wurare kan bar farin gishiri a bakin tukunya. Ruwan wanke-wanke mai sabulu, da mata kan watsa wa shukar tsakar gida don kada ya tafi a banza, ba na wannan tsiro ba ne. Duk mako biyu ana iya jiƙa ɗan tsohon taki a ruwa, a tace, a ba shi. Darɓa kan taru a kan sabon toho, ruwan ganyen bedi da aka daka aka jiƙa ya kwana yana rage ta.

Wata biyu ko ƙasa da haka bayan tsirowa furen farko ke buɗewa. Yana farawa kore-kore mai rawaya, kansa a sunkuye, sannan ganyayensa su juya sama, ja ya yi ta cin rawayan kullum har ya rufe shi. Daga ƙasa yake buɗewa yana hawa, don haka tsiro ɗaya kan yi makonni da fure, a ga sabo da tsoho a kara guda, launinsu daban. Malam-buɗe-littafi ne ke yi masa barbara.

Wurin da aka fi asarar wannan tsiro shi ne kaka, kuma tausayi ne ke jawo asarar. Ruwa na ɗaukewa ganye zai fara rawaya. Mai tukunya ya ga abin da ya yi wata huɗu yana lallaɓawa yana yaushi, sai ya ƙara ruwa safe da yamma. Saiwar da ta gama aikinta ta shiga hutu ba ta shan ruwan, zama take yi a cikinsa har ta ruɓe. Wani kuma tsabta ce ke sa shi ya yanke karan tun yana kore don ya daina kyau, alhali a daidai lokacin ne ganye ke sauke abincinsa na ƙarshe cikin saiwa. Abin da ya dace shi ne a rage ruwa da zarar rawaya ta fara, a daina gaba ɗaya in karan ya bushe, a bar shi ya saki da kansa. Daga nan a ɗauke tukunyar a kai inuwa, inda ruwan alwala da na wanki ba sa kaiwa, a kifa mata kasko ko tsohon faifai. Daga Nuwamba har Mayu ba ta bukatar ko ɗigo. Sanyin hunturu ba ya yi mata komai. Abin tsoro ɓera ne da gara, sai kuma mai shara da zai ga tukunyar busasshiyar ƙasa ya juye ta a juji. Ya kamata kowa a gidan ya san akwai rai a ciki.

Duk shekara biyu, da bazara, a kwantar da tukunyar a zazzage ƙasar a hankali da hannu, ba da fartanya ba. In saiwar ta yi hannu biyu masu ƙwari ana iya raba ta a gwiwa da wuƙa mai tsabta, a barbaɗa toka a wurin yankan, a bar shi ya sha iska kwana biyu. Tsiro ɗaya ya zama biyu ke nan.

Akwai maganar da ba ta da daɗi amma dole a yi ta da babbar murya: gatarin kurege guba ne, tun daga fure har saiwa, kuma saiwa da iri sun fi ƙarfi. Sinadarin da ke cikinsa, kolcisin, yana hana ƙwayoyin halittar jiki rabuwa. Wanda ya ci zai ji baki da maƙogwaro na zafi, bayan sa'o'i amai da gudawa su biyo, daga baya abin ya taɓa ƙoda da jini da numfashi, waɗanda suka tsira kuma gashinsu kan zube. A Siri Lanka da kudancin Indiya likitoci sun rubuta labarin mutanen da suka mutu don sun ɗauka doya ce suka dafa. Dafuwa ba ta kashe dafin. A gidan da ake da yara masu rarrafe ko masu tone-tone, tukunyar ta hau inda hannu ba ya kaiwa, ko a haƙura da ita har su yi wayo. Saiwar da aka tono kada ta kusanci madafa ko inda ake ajiye dankali da rogo. A wanke hannu bayan an taɓa ta. In tsautsayi ya sa wani ya ci, a garzaya da shi asibiti nan take da guntun abin da ya ci, ko da yana cewa ya ji sauƙi, don dafin kan yi kwanton ɓauna. Masu ba da shi a sha da sunan magani suna wasa da rai ne.

Wannan dafin dai shi ne ya mayar da shi amfanin gona a wani wuri. Likitoci na ba da kolcisin a ma'auni ƙanƙane don ciwon gaɓoɓin nan da ake kira gawut, kuma tun 1937 masu binciken iri suka gano yana ninka ƙwayoyin gadon tsiro, hanyar da aka bi aka samar da kankana marar ƙwallo. A gundumomin Dindigul da Tiruppur na Tamil Nadu manoma na shuka shi eka-eka, suna yi masa barbara da hannu, suna sayar da irin ga kamfanonin magani. A gaɓar tekun gabashin Ostareliya kuwa, inda aka kai shi don ado, ya tsere daga lambuna ya zama ciyawar da hukuma ke yaƙa.

A tsakiyar Katsina matsalar akasin haka ce, wurin zamansa ne ke ƙarewa. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Kankiya mutum sama da 150,000, Kusada kusan 100,000, kuma an ƙaru sosai tun daga lokacin. Saurar da ake bari ta huta ta zama gona, kurmin iyaka ya tafi itacen girki, garmar shanu na juye ƙasa da zurfin da ke kakkarya saiwa, maganin feshi kuma ba ya bambance fure da ciyawa. An yi aikin dashen itatuwa a jihar, tun daga shirin da Tarayyar Turai ta tallafa a ƙarshen shekarun 1980 har zuwa shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda Katsina ke cikin jihohi 11 da ya shafa. Amma itace ake dasawa. Ƙananan tsirran da ke zama a gindinsa ba su cikin lissafin kowa, kuma wannan rashi ne na gaske.

Don haka yadda za a samo tsiron yana da muhimmanci. Tono shi yana cikin fure shi ne mafi muni, don tsohuwar saiwa ta ƙare, sabuwa ba ta nuna ba, an kashe na daji kuma ba a samu na gida ba. In gona ce za a share ko fili za a yi gini, a sa alama da damina, a dawo a tono bayan ya bushe, da izinin mai wurin. In ba haka ba a nemi rabi wurin wanda ya riga ya mallaka, ko a jira iri. Kwansonsa mai ɓangare uku ne, in ya bushe yana tsagewa ya nuna jajayen 'ya'ya. A ɗebi kaɗan a bar saura. A ajiye su a takarda, a shuka da farkon damina bayan an jiƙa su kwana ɗaya. Ba sa tsirowa tare, wasu sai sun yi makonni, kuma sai an yi damina uku ko fiye kafin a ga fure.

Albasar kwaɗi, wadda masana ke kira Crinum ornatum, ita ma tana zama a tukunya, tana bin wannan lissafi na damina da rani da ɗan bambanci. Ita 'yar fadama ce, tana fitar da manyan furanni farare masu jan zane a tsakiya tun farkon damina, don haka tana son ƙasa mai ɗan nauyi da ruwa fiye da gatarin kurege. A bar wuyan albasar a waje, kuma kada a riƙa sauya mata tukunya, ta fi yin fure in ta cika wurin ta matsu. 'Ya'yanta masu tsoka ne, ba sa ajiyuwa, ana ɗora su kan ƙasa da zarar sun faɗo. Maƙiyiyarta wata baƙar tsutsa ce mai ɗigon fari da rawaya da ke shiga cikin ganye ta gangara har albasar, sai a tsince ta da hannu tun tana sama. Ita ma guba ce, ba ta haɗa hanya da albasar miya.

Takalmin zomo kuwa, Costus spectabilis, shi ne furen da ke ƙasan tambarin Najeriya, inda dawakan nan biyu suka tsaya. Rawaya ne a zahiri, ko da yake sau da yawa ja ake zana shi. Ganye huɗu yake shimfiɗawa a ƙasa, furen ya fito a tsakiyarsu. Ya fi son dazukan da suka fi Kankiya ruwa, can kudu, don haka wanda ya samo shi sai ya ba shi kasko mai faɗi maimakon tukunya mai zurfi, da inuwa mai yawa, da ƙarin ban ruwa in damina ta yi gardama. Daga Oktoba shi ma ganyensa zai bushe, a ɗauke kaskon a ajiye tare da sauran har ruwa ya sake zama.